Masauyin Mataki na Ferit da Karkatar da Harshen Rada Ba Tare da Juya Eriya Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne suke yawan fitowa daga bakin ɗaliban injiniyancin sadarwa da masu gyaran na'urorin rada, musamman waɗanda suka saba da faranti mai juyawa, sai kwatsam suka tarar da shimfiɗaɗɗiyar eriya wadda ba ta motsi ko kaɗan amma tana ganin ko'ina. An fara da na saukin ganewa, sannan aka nutsa.

Mece ce eriya mai jeri, kuma me ya raba ta da faranti mai juyawa?

Faranti yana tattara igiyar rediyo ne da siffar jikinsa, ya harba ta waje guda kamar siririn harshe. In ana so harshen ya kalli wani wuri, dole a juya farantin gaba ɗayansa da inji da ƙafafun ƙarfe masu haƙora. Ƙarfe kuwa yana da nauyi, ba ya tashi nan take, ba ya tsayawa nan take. Rada mai kewayawa sau 6 a minti ɗaya sai bayan daƙiƙa 10 take sake waiwayar abin da ta gani, kuma a cikin daƙiƙa 10 makami mai linzami ya ci kilomita da dama.

Eriya mai jeri kuwa taron ƙananan eriyoyi ce, ɗaruruwa ko dubbai, an jera su a kan allo guda. Kowace ƙwaya tana fitar da igiya iri ɗaya, amma ana iya sa ta ɗan riga maƙwabciyarta ko ta ɗan makara. Wannan riga da makara shi ne matakin igiya, ana auna shi da digiri, zagaye guda digiri 360. Na'urar da ke bayan kowace ƙwaya tana tsara mata matakinta ita ce masauyin mataki. Dabarar tsohuwa ce: tun 1905 Karl Ferdinand Braun ya nuna a Jamus ta lokacin cewa eriya uku za su iya tura igiya gefe guda idan aka jinkirta ɗaya. Abin da aka daɗe ana nema shi ne masauyin da zai yi aikin cikin ƙiftawar ido, ya kuma jure ƙarfin tiransimita.

To ta yaya harshen ke karkata alhali babu abin da ya motsa?

Igiyoyi biyu in suka haɗu tudu a kan tudu, sai su ƙarfafa juna. In tudun wannan ya faɗa kwarin waccan, sai su kashe juna. Idan duk ƙwayoyin suka harba a mataki ɗaya, wurin da tuddansu ke haɗuwa shi ne gaba sosai, daidai fuskar allon. Amma a ce kowace ƙwaya ta ɗan makara a kan wadda ke hagunta. Igiyar ta hagu ta riga ta ci ɗan nisa kafin ta dama ta fito, saboda haka layin da tuddan ke daidaita a kai ya jirkice, harshen ya karkata zuwa ɓangaren da ya makara, wato dama.

Lissafin gajere ne. Bambancin mataki tsakanin maƙwabta biyu daidai yake da 360 × d/λ × sin θ, inda d ke nufin tazarar ƙwayoyin, λ tsawon zangon igiyar, θ kuma kusurwar da ake so harshen ya karkata. A ɗauki rada mai aiki a gigahaz 10: tsawon zangonta santimita 3 ne, ƙwayoyin kuma a ce suna da tazarar santimita 1.5, rabin zango ke nan. Domin karkata digiri 30, inda sin θ yake 0.5, bambancin zai zama digiri 90. Ƙwaya ta farko 0, ta biyu 90, ta uku 180, ta huɗu 270, ta biyar kuma maimakon 360 sai ta koma 0, tun da igiya ba ta bambanta cikakken zagaye da rashin zagaye. Shi ya sa masauyin da ke iya ba da digiri 360 kacal ya isa ko da allon yana da ƙwaya dubu goma. Wannan sauƙi yana da nasa farashi, kuma an yi bayaninsa a amsar da ke magana kan zamewar harshe.

Mene ne shi ferit ɗin?

Tangaram ne mai maganaɗisu. Ana haɗa garin tsatsar ƙarfe da na wasu ma'adanai irin su maganiziyam, manganis, nikel ko litiyam, a danne, a gasa a zafin da ya haura digiri 1,000 na Salshiyas, ya fito baƙi, mai tauri, mai saurin karyewa. Muhimmin halinsa shi ne yana amsa maganaɗisu kamar ƙarfe amma lantarki ba ya bin jikinsa. Da a ce sandar ƙarfe aka sa a hanyar igiyar maikurowef, da igiyar ba ta shige shi ba, sai dai ta tsaya a fatarsa ta dawo. Ferit kuwa igiya tana ratsa shi, ta yi cuɗanya da maganaɗisun da ke ciki, ta fita ba tare da asara mai yawa ba.

Yogoro Kato da Takeshi Takei ne suka samar da ferit na masana'anta a Tokyo a 1930, kamfanin TDK kuma aka kafa shi a 1935 domin sarrafa shi. J. L. Snoek ya ƙara inganta shi a kamfanin Philips na Holan, Louis Néel na Faransa ya bayyana sirrin maganaɗisunsa a 1948, sai D. Polder ya fitar da lissafin yadda yake amsa igiya a 1949. A 1952 C. L. Hogan na ɗakin binciken Bell a Amurka ya gina na'urar maikurowef ta farko da ta ci moriyar wannan hali. Wani danginsa mai suna YIG, wanda ake yi da itiriyam da ƙarfe, ya bayyana a 1956, kuma shi da 'ya'yansa ne suka mamaye ƙananan firikwensi saboda ƙarancin asararsu.

Ta wace hanya ferit ke jinkirta igiya?

A cikin ferit akwai ilektiron marasa abokan haɗi, kowanne ɗan ƙaramin maganaɗisu ne mai juyawa a kan kansa. In aka ɗora musu filin maganaɗisu daga waje, ba sa miƙewa tsaye su tsaya cak. Suna yin yadda katantanwa ke yi sa'ad da aka murza ta: tana juyi a kan tsininta, kanta kuma yana zana da'ira a hankali. Wannan kewayen kai yana da alkibla guda wadda filin ya ƙayyade, kuma saurinsa megahaz 2.8 ne ga kowane osted ɗaya na ƙarfin filin.

Yanzu a shigo da igiyar da filin maganaɗisunta ke murɗawa. In murɗawarta ta bi alkiblar da ilektiron ke kewayawa, sai su amsa mata sosai. In ta saɓa, da kyar suke kula ta. Ke nan ferit guda yana nuna wa igiya fuska biyu, kuma saurin tafiyarta a cikinsa ya dogara da fuskar da ta tarar da kuma yawan maganaɗisun da aka zuba masa. Sauri ya canza, tsawon sandar bai canza ba, saboda haka matakin da igiyar za ta fito da shi ya canza. Duk masauyin ferit a kan wannan yake tsaye, bambancinsu kawai yadda aka kai igiya mai murɗawa inda ferit yake.

Akwai tarko guda da ya kamata mai zane ya sani. In firikwensin igiyar ya zo daidai da saurin kewayen, ferit zai shanye ta ya mayar da ita zafi. Wannan shi ake so a na'urar da ke hana igiya komawa baya, amma ga masauyin mataki halaka ce, don haka ake nesanta shi da wurin. Haka kuma ferit mai yawan maganaɗisu yana cin igiyar ƙaramin firikwensi. Tsantsar YIG yana ƙoshi, wato ya daina karɓar ƙarin maganaɗisu, a wajen gaus 1,780 (gaus ma'aunin maganaɗisu ne). In aka ninka da 2.8 za a samu kusan gigahaz 5, ke nan bai dace da rada mai aiki a gigahaz 3 ba, sai an sirka masa alminiyam an rage masa ƙarfi. A manyan firikwensi kuma akasin haka ake nema, shi ya sa ake komawa ferit na litiyam ko na nikel.

Me ake nufi da masauyi mai riƙewa, kuma me ya sa ake yabonsa haka?

A ganina nan ne kyawun fasahar yake. Masauyan farko suna buƙatar lantarki ya yi ta gudana a naɗin waya muddin ana son matakin ya tsaya. A ninka wannan da dubban ƙwayoyin da ke allo, wutar da zafin sun zama abin tsoro. Sai aka lura cewa idan aka yi ferit ɗin a siffar rufaffen zobe, dogo mai kusurwa huɗu da rami a tsakiya, maganaɗisun da aka zuba masa ba shi da ƙofar fita. Ana zura waya guda ta ramin, a aika bugun lantarki na 'yan maikurosakan, a ɗauke. Zoben ya riƙe ragowar maganaɗisu, ya zauna a haka har sai wani bugun ya zo. Ana kashe wuta ne kawai a lokacin sauyi. Treuhaft da Silber ne suka bayyana wannan tsari a 1958, kuma hali ɗaya ne da wanda ƙananan zobban ferit suka riƙa adana bayanai da shi a kwamfutocin wancan zamani.

Ana kwantar da zoben a tsakiyar bututun igiya mai kusurwa huɗu, wato bututun ƙarfe da igiyar ke bi ta cikinsa. A cikin irin wannan bututu, filin maganaɗisun igiyar yana murɗawa a wurare biyu, ɗaya a hagun tsakiyar bututun, ɗaya a dama, kuma murɗawar hagu kishiyar ta dama ce. Shi ma zoben, maganaɗisunsa yana hawa ta ƙafa ɗaya yana sauka ta ɗayar. Sai abin ya yi daidai wa daida: ƙafafun biyu suna tura matakin gefe guda. Ana cusa wani tangaram marar maganaɗisu a ramin domin ya jawo ƙarfin igiyar kusa da ferit, a kuma sa matakala a bakin shiga da na fita don kada igiyar ta yi karo ta koma.

Aikin hannu yana da muhimmanci a nan fiye da yadda littafi ke nunawa. 'Yar tazarar iska tsakanin zoben da rufin bututun tana haifar da wasu salon igiya da ba a gayyata ba, asara ta yi tsalle a wasu firikwensi. In kuma aka matse shi da yawa don gudun tazarar, matsin yana canza ragowar maganaɗisun, musamman a dangin YIG, abin da ya sa ake ɗan sirka musu manganis.

Me ya sa sai an sake saita masauyin tsakanin aikawa da karɓa?

Saboda masauyin zobe yana bambanta tafi da dawowa. Kamar yadda aka bayyana a amsar jinkirta igiya, komai ya rataya ne a kan alkiblar murɗawa, kuma igiyar da ta juyo baya a cikin bututu murɗawarta ma ta juya. Saitin da ya tura harshe digiri 30 dama a lokacin aikawa ba zai saurari amsa daga wannan kusurwa ba. Don haka da zarar bugun rada ya fita, sai a juya maganaɗisun kowane zobe kafin amsar ta iso, a sake mayar da shi kafin bugu na gaba. Sau biyu ke nan a kowane bugu.

Ga rada mai hangen nesa wadda ke aika 'yan ɗaruruwan bugu a daƙiƙa, wannan ba matsala ba ce, sai dai ɗan makanta ga abin da ke kusa ƙwarai: kowane maikurosakan da aka ɓata wajen sauyi daidai yake da mita 150 na nisa. Amma radar jirgin yaƙi tana iya aika bugu sama da 100,000 a daƙiƙa, tsakanin bugu da bugu bai wuce maikurosakan 10 ba. A nan babu sararin sauyi, ga shi kuma zafin sauyin kansa zai taru. Irin wannan rada tana buƙatar masauyin da tafi da dawowa ɗaya ne gare shi.

Waɗanne ire-iren masauyin ferit ake da su?

Bayan na zobe, wanda shi ne mafi sauri, akwai uku da suka yi suna. Na Reggia da Spencer, wanda suka bayyana a 1957, sandar ferit ce a tsakiyar bututu, an naɗe bututun da waya daga waje. Tafi da dawowa ɗaya ne gare shi, ginawa ba wuya, amma bangon bututun yana zama kamar rufaffen naɗi da ke yaƙi da duk wani sauyin maganaɗisu, don haka yana da nawa, kuma zafi na saurin rikita shi. Yau an fi tunawa da shi a tarihi.

Na biyu shi ne mai salo biyu, wanda Charles Boyd ya bayyana a 1970. Sandar ferit ce da aka lulluɓe da siririn ƙarfe ta zama bututun kanta. A kowane baki akwai wani sashe mai dawwamammen maganaɗisu da ke mayar da miƙaƙƙiyar igiya mai murɗawa, an kuma tsara su yadda igiyar tafi da ta dawowa duk za su gamu da fuskar ferit iri ɗaya. Ana rufe hanyar maganaɗisu da karkiyar ferit daga waje domin ya riƙe. Yana sauyi a cikin maikurosakan gommai zuwa ɗari da wani abu, ya fi na zobe nawa nesa ba kusa ba, amma tun da sai za a matsar da harshe kawai ake taɓa shi, hakan ya wadatar. Siffarsa mai sauƙi ce, shi ya sa ya dace da manyan firikwensi inda zobe ke ƙanƙancewa har ya gagari sassaƙa.

Na uku, mai filin da ke juyawa, jikan wata na'ura ce da A. G. Fox ya bayyana a 1947, wadda ake murza wani sashenta da hannu ko da inji. A na ferit, naɗin waya biyu ne ke juya filin maimakon ƙarfe, kuma in filin ya juya digiri ɗaya matakin ya sauya digiri biyu. Tun da kusurwar filin ce ke yanke hukunci, wato rabon lantarki tsakanin naɗin biyu, zafi bai cika shafarsa ba, kuskurensa kuwa bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Inda ake son ƙananan harsunan gefe, wato ƙarfin da ke zuba a wasu kusurwoyi ban da ta babban harshe, su yi ƙasa matuƙa, shi ake nema.

Bit nawa ya isa?

Kwamfutar da ke tuƙa harshe ba ta ba da kowane mataki, tana zaɓa ne daga tsani. Masauyi mai bit 3 yana da matakai 8, tazararsu digiri 45. Mai bit 4 yana da 16, tazarar digiri 22.5. Asarar ƙarfin babban harshe, wadda ake aunawa da desibel, ƙarama ce: kusan desibel 0.9 a bit 2, 0.2 a bit 3, 0.06 a bit 4. In don wannan ne kaɗai, da bit 3 ya isa kowa. Damuwar tana ga harsunan gefe. Kuskuren cikon lissafi yana maimaita kansa a tsari a faɗin allon, kuma duk abin da ya maimaitu a tsari yana tara ƙarfi a wata kusurwa. Ta wannan ƙofa ce mai toshe rada ke shigowa. Kowane ƙarin bit yana sauke waɗannan harsuna da kusan desibel 6, kuma ana wargaza tsarin da gangan ta hanyar ba kowace ƙwaya wani ɗan ƙarin mataki nata daban wanda kwamfuta ta san da shi.

A ferit, hanya biyu ake bi. Ta farko, a jera zobba masu tsawo daban daban, na 180, na 90, na 45, na 22.5, kowanne a ƙosar da shi gaba ko baya. Ta biyu, zobe guda dogo: a fara da bugu mai ƙarfi da zai kai shi ƙoshi ya goge abin da ya gabata, sannan a ba shi bugu na biyu a kishiyar alkibla wanda aka auna ƙarfinsa da tsawon lokacinsa. Ta biyun ta fi, domin yawan bit ya koma hannun na'urar tuƙi, kuma adadin maganaɗisun da aka zuba ba ya damuwa sosai da zafin ferit ɗin.

Har ina za a iya karkatar da harshen?

A aikace, wajen digiri 60 kowane gefe. Dalili na farko na siffa ne: wanda ya kalli allo daga gefe yana ganinsa ya tsuke, daidai da cos θ. A digiri 60 allon ya koma rabi, harshen ya ninka faɗi, ƙarfinsa ya ragu da rabi. Shi ya sa jirgin ruwan da ke son ganin duk kewayensa yake ɗaukar allo huɗu, wasu tashoshin ƙasa kuma uku.

Dalili na biyu tazarar ƙwayoyi ce. In d/λ ya wuce 1/(1 + sin θ), wani harshe na biyu mai ƙarfi kamar na ainihi zai ɓullo a wata kusurwa, radar ta kasa sanin ta ina amsa ta zo. Domin kai digiri 60, tazarar ba za ta wuce kashi 0.54 na zango ba. A gigahaz 10 wannan santimita 1.6 ne, kuma a cikin wannan ɗan fili dole masauyin da wayoyinsa da hanyar sanyaya shi su shige. Ga kuma yawa: harshe mai faɗin digiri ɗaya yana son ƙwaya kusan 100 a kowane gefe, 10,000 ke nan a allo. Akwai kuma na uku da kan ba sababbin masu zane mamaki: ƙwayoyi suna jin juna, kuma a wasu kusurwoyi wannan jin junan yana sa ƙarfin ya koma ciki gaba ɗaya, eriyar ta makance a wurin. Ƙwayar da aka gwada ita kaɗai ba ta nuna wannan, sai an gwada ta a tsakiyar 'yan'uwanta.

Me ya sa harshen ke zamewa in aka canza firikwensi?

Saboda jefar da cikakkun zagaye da aka yi a amsa ta biyu daidai yake a firikwensi ɗaya tak. Lissafin yana da λ a ciki, in λ ya canza matakan kuma suna nan yadda suke, dole θ ya canza. A karkatar digiri 60, sauyin firikwensi na kashi 1 cikin 100 yana zamar da harshe kusan digiri ɗaya, wanda ga siririn harshe ya isa a rasa abin da ake bi. Radar da ke tsalle daga firikwensi zuwa wani tana sake lissafi a kowane tsalle, shi ke nan. Amma mai aika faffaɗan sigina a bugu guda sai an raba allonta gida gida, kowane gida a ba shi ainihin jinkirin lokaci, masauyan mataki su ƙarasa gyaran cikin gida.

Yaya zafi da ƙarfin tiransimita ke shafar ferit?

Maganaɗisun ferit yana raguwa in ya ɗumama, har ya ɓace ɗungum a wani zafi, wanda ga YIG yake wajen digiri 280 na Salshiyas. Tun kafin a je kusa da nan, sauyin 'yan digiri ya isa ya gurɓata matakin. Magani uku ake haɗawa: a sirka gadoliniyam, wanda ke sa maganaɗisun ya daidaita a faɗin zafin aiki, a sanyaya allon da ruwa ko iska, a kuma auna zafin a gyara bugun tuƙin da aka ambata a amsar bit.

Ƙarfin bugu kuwa wata matsala ce daban. Akwai iyakar da in ƙarfin igiya ya haura ta, kewayen ilektiron ɗin da ke tafiya baki ɗaya sai ya tarwatse zuwa ƙananan igiyoyi a cikin ferit, asara ta yi tsalle farat ɗaya. Harry Suhl ne ya bayyana dalilin a shekarun 1950. Ferit bai lalace ba, da an rage ƙarfi zai dawo daidai, amma bugun ya riga ya fita a gurgunce. Ana ɗaga iyakar da ɗan holmiyam ko kobalt, ko a gasa shi yadda tsabar jikin tangaram ɗin za ta fito ƙanana, sai dai duk abin da ya ɗaga iyakar yana ƙara asarar yau da kullum. Mai zane ba ya samun duka biyun.

Ferit ko dayod, wanne ya fi?

Ya danganta da firikwensi da ƙarfi. Masauyin dayod na PIN, wata 'yar na'urar lantarki mai aiki kamar makunni, yana sauya tsawon hanyar igiya da makunnai, ya fi sauri, ya fi sauƙin nauyi, tafi da dawowa ɗaya ne gare shi. A ƙasa da gigahaz 2 ko 3 shi ke da fili, domin ferit a can yana da girma da nauyi. Amma asarar dayod tana hawa da firikwensi, ta ferit kuwa tana zama wajen desibel ɗaya ko ƙasa da haka har cikin manyan firikwensi, ga shi yana ɗaukar kilowat na bugu ba tare da gezau ba.

Kada a raina desibel ɗaya. Kashi 21 cikin 100 ne na ƙarfin, kuma igiya tana bi ta masauyin sau biyu, fita da dawowa. Ƙarin desibel ɗaya a masauyi yana rage nisan hangen rada da kusan kashi 11 cikin 100.

A waɗanne na'urori aka yi amfani da shi?

Mafi shahara ita ce AN/SPY-1 ta Aegis, tsarin tsaron jiragen ruwan yaƙi, wadda ta fara aiki a jirgin ruwan Amurka USS Ticonderoga a 1983. Allo huɗu ne, kowanne da ƙwaya sama da 4,000, tana aiki a wajen gigahaz 3, ƙarfin bugunta megawat da dama. A raba wannan ga ƙwayoyin, za a ga kowane masauyi yana ɗaukar abin da ya kai kilowat, a nan ne ake gane dalilin zaɓen ferit. Radar Patriot, tsarin makaman kare sararin sama na Amurka, tana da ƙwaya sama da 5,000, kuma ba a ja bututu zuwa kowace ɗaya ba: ƙaho ne ke haska allon daga baya, kowace ƙwaya ta karɓa, ta sauya mataki, ta fitar ta gaba. Tarayyar Sobiyet ta bi irin wannan hanya a radar S-300, ita ce kuma ta fara ɗora eriya mai jeri a hancin jirgin yaƙi, radar Zaslon ta MiG-31 a 1981. Jirgin E-3 mai faifai a gadon baya ya raba aikin: faifan yana juyawa don kewaye, masauyan mataki suna ɗaga harshe sama da ƙasa.

Ba yaƙi kaɗai ba. Daga 2003 masu binciken yanayi a Norman ta jihar Oklahoma sun yi shekaru suna aiki da wani allon SPY-1 da sojan ruwa ya ba su. Radar yanayi mai faranti tana cin minti 4 zuwa 6 kafin ta leƙa hadari daga ƙasa har sama, allon kuwa yana gamawa cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka, abin da ke da nauyi ƙwarai ga guguwar da ke haɗuwa cikin 'yan mintuna.

Zamanin ferit ya wuce ke nan?

A sababbin manyan rada, matsayinsa na masauyin mataki ya ja baya sosai, amma dalilin yana ga tsarin eriyar. Duk na'urorin da aka lissafa a amsar da ta gabata tiransimita guda ce mai ƙarfi ke ciyar da dukan allon, tsarin da ake kira PESA. Masauyin yana zaune ne bayan an gama ƙarfafa igiya, kuma kafin a ƙarfafa amsar da ta dawo, don haka dole ya jure ƙarfi, dole kuma ya yi rowar asara. A tsarin AESA kowace ƙwaya tana da ɗan amfilifayarta na aikawa da na karɓa, na galiyam asanaid ko galiyam naitiraid. Masauyin ya koma inda sigina take 'yar mitsitsiya, ko ya ci desibel 6 amfilifaya za ta mayar. Abubuwa biyun da ferit ya fi kowa a kansu sun daina zama sharaɗi, sai ɗan guntun silikon ya karɓi aikin. Irinsa ne a faifan Starlink da eriyoyin 5G, radar SPY-6 mai tsarin AESA kuma tana maye gurbin SPY-1 a sababbin jiragen ruwa. AESA ta kuma kawar da wani rauni: a PESA in babbar tiransimita ta mutu komai ya tsaya, a AESA kuwa mutuwar 'yan ƙwayoyi kaɗan ɗan rage ƙarfi kawai take yi.

Duk da haka ina ba duk mai koyon wannan fanni shawarar kada ya tsallake ferit. Jirage da tashoshi masu PESA suna nan da yawa a bakin aiki, kuma suna buƙatar masu gane abin da ke cikinsu. Inda ake da tiransimita guda mai ƙarfin gaske, kamar wasu na'urorin tauraron ɗan'adam da ke sauya hanyar igiya da makunnan ferit masu riƙewa, har yanzu da wuya a sami madadinsa. A cikin ƙwayoyin AESA da yawa ma akwai 'yar sakuleta ta ferit tsakanin amfilifaya da eriya, tana tura bugu waje, tana karkatar da amsa zuwa risiba, tana kuma kare amfilifayar daga ƙarfin da ke komowa sa'ad da harshe ya karkata sosai, irin komowar da aka yi bayani a amsar iyakar karkata.